Yadda Ake Raba Gadon Basarake a Tsohuwar Ingila

A Ingila ta ƙarni na 14, in babban basarake ya mutu, sarki ne ke fara ɗora hannu a kan dukiyarsa, tun kafin iyalinsa su gama kuka. A ƙa'ida duk ƙasar ta sarki ce, basarake riƙo kawai yake yi. Gidan Clare ya isa misali. Gilbert de Clare, mai sarautar Gloucester, ya faɗi a yaƙin Bannockburn da mutanen Sikotland a watan Yunin 1314, yana ɗan shekara 23. Ya bar gandaye da ganuwoyi a Ingila da Wales da Ireland, waɗanda ke kawo kusan fam 6,000 a shekara.

Da labarin mutuwa ya iso fada, sai a aika wa jami'in da ke kula da dukiyar mamata takarda, ya karɓe filayen da sunan sarki. Shi kuma ya tara mutanen kowace gunduma, ya rantsar da su, su faɗi abin da mamacin ke riƙe da shi, nawa yake kawowa, wane ne magaji, shekarunsa nawa.

In akwai ɗa namiji, magana ta ƙare: babban ɗa ya kwashe filayen duka, ƙannensa su nemi abin yi a soja ko a coci. Wanda ya saba da rabon gadon Musulunci zai ga abin da mamaki. In ɗan bai kai 21 ba, sarki ya riƙe shi, ya ci amfanin gonakin, har aurensa yana iya sayarwa ga mai kuɗi. In ya kai, sai ya biya kuɗin karɓar gado, wanda yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta tsayar a fam 100 ga manyan sarakuna, ya durƙusa ya sa hannuwansa cikin na sarki ya yi caffa, sannan a miƙa masa. Matar mamaci kuwa tana cin sulusin filayen muddin ranta.

Gilbert bai bar ɗa ba, sai 'yan'uwa mata uku, kuma a irin wannan hali doka ta ce a raba daidai. Nan matarsa Maud ta ce tana da ciki, sai aka dakatar da rabon. Sarki Edward na Biyu, kawun mamacin, bai ƙi wannan zance ba, tunda kuɗin na shiga baitulmalinsa. Wata tara ya wuce, shekara ta zagayo, har aka shiga 1316 ana jiran haihuwa, mijin Eleanor, babbar cikin matan uku, wato Hugh Despenser, yana ta kai ƙara.

Kafin a raba, sarki ya aurar da sauran biyun ga 'yan gaban goshinsa: Margaret ga Hugh Audley, Elizabeth ga Roger Damory. Dalili a fili yake, domin abin da mace ta gada mijinta ke juya shi. A 1317 aka yi rabon. Eleanor da Despenser suka sami Glamorgan, Margaret ta sami Tonbridge da yankin Newport, Elizabeth ta sami garin Clare.

Rabo a takarda bai hana kwaɗayi ba. Despenser ya shiga ƙwace kason surukansa, abin da ya taimaka wajen tayar da yaƙi a 1321. Damory ya mutu a 1322, shi kuma Despenser aka kashe shi a Hereford a 1326. Elizabeth ce ta fi cin moriyar gadon: ta ƙi sake aure, ta riƙe dukiyarta da hannunta har mutuwarta a 1360, kuma da kuɗinta aka raya kwalejin Clare ta Jami'ar Cambridge, wadda ke ɗauke da sunan gidan har yau.