Hausa a Bakin Injin: Nazarin Kalmomin Daidaita Ratar Bawul a Ƙaramar Mota

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki aiki ɗaya daga ayyukan kanikanci, wato daidaita ratar bawul da mai mota zai iya yi a gida, ta bayyana shi da Hausa, sannan ta yi nazarin kalmomin da bayanin ya rataya a kansu. An kafa misali da injin Volkswagen Beetle mai sanyaya da iska. Maƙalar ta nuna cewa sunayen aro ba su ne ke kawo cikas ba, domin harshe ya riga ya hore su. Haɗarin yana tattare da kalmomin gida masu kusancin ma'ana, irin su rata da giɓi, ɗaure da matse, huce da kwana, waɗanda sauya ɗaya da ɗaya kan iya kai ga ƙonewar bawul.

Fitilun Kalmomi: bawul, rata, kanikanci, aron kalmomi, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

Ƙoƙarin samar wa Hausa keɓaɓɓun kalmomi ya fi ƙarfi a fannonin harshe da adabi, kamar yadda ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin da Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, ya shaida. Sana'o'in zamani kuwa, kanikanci da walda da gyaran lantarki, sun gina nasu kalmomin a bakin aiki, tsakanin maigida da yaransa, ba tare da an rubuta kaso mai yawa daga ciki ba. A gareji ba a jin wannan rashi, domin yaro yana gani da ido, yana taɓawa da hannu. Mai karanta rubutaccen umarni shi kaɗai a gidansa ba shi da wannan gata. Kalmar da ke kan takarda ita ce malaminsa, idan ta karkace aikinsa ya karkace.

An zaɓi Beetle ne saboda sauƙin injinta da kuma tarihinta a Nijeriya, inda aka fara harhaɗa ta a Legas a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ita ma ta fara aiki. Ko da yake an daina ƙera wannan samfuri a 2003, tsarin daidaita bawul da sukuru da noti bai mutu ba. Yana nan a injinan ƙananan babura da masu ƙafa uku da suka cika titunan ƙasar Hausa, da kuma wasu motocin Honda.

2.0 Bawul da Dalilin Barin Rata

Injin mai bugu huɗu yana aiki ne a matakai huɗu: shaƙar iska da fetur, matse su, ƙonewa, da fitar da hayaƙi. Kowace silinda ta Beetle tana da bawul biyu, na shiga da na fita. Sifirin ne yake riƙe bawul a rufe a kan mazauninsa, tozon kamshaf kuma ya tura sandar turi, ita ta ɗaga gefe ɗaya na roka, ɗaya gefen ya danna kan karan bawul ya buɗe shi. Kamshaf yana juyawa sau ɗaya duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu. Ke nan injin da ke juyi 3,000 a minti ɗaya yana buɗe kowane bawul sau 1,500, wato sau 25 a daƙiƙa ɗaya.

Tsakanin bakin sukurun roka da kan karan bawul akwai ɗan sarari da maƙera suka bari da gangan. Sassan injin ba daga ƙarfe iri ɗaya aka yi su ba, saboda haka ba sa buɗewa daidai wa daida idan sun ɗau zafi. Wannan sarari shi ne tabbacin cewa bawul zai zauna daram a mazauninsa ko injin na da zafi ko yana da sanyi. A injin Beetle mai lamba 1600, awon shi ne milimita 0.15 ga bawul na shiga da na fita, injin yana da sanyi.

Idan sararin ya yi yawa, injin yakan yi ƙara kamar keken ɗinki, bawul ya makara wajen buɗewa, ƙarfi ya ɗan ragu. Idan ya yi kaɗan kuwa, ƙarar takan ɓace, amma a nan ɓarnar take. Bawul na fita yana zubar da mafi yawan zafinsa ne ta hanyar taɓa mazauninsa. Muddin bai zauna sosai ba, zafin ya rasa mafita, wutar ƙonewa ta riƙa tsartuwa ta gefensa har ta cinye bakinsa. Da tafiya ta yi tafiya, mazauni yakan lotsa, kara ya ɗan miƙe, sararin ya yi ta raguwa a kan kansa. Shi ya sa shirun irin wannan injin ba koyaushe yake nufin lafiya ba.

3.0 Matakan Aikin

Kayan da ake bukata su ne sifana mai lamba 13, sukudireba mai faɗin baki, ma'aunin rata mai 'yan siraran ruwan ƙarfe, sabon gasket biyu, da tsumma mai tsabta.

Na farko, a bar motar ta kwana ba a tayar da ita ba. A ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, a cire makulli, a fitar da giya, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi. Idan an ɗaga ta, kada a shiga ƙarƙashinta tana bisa jak kaɗai.

Na biyu, a gano silinda ta ɗaya. Injin Beetle a baya yake. Ga mai tsaye a bayan mota yana fuskantar inda take fuskanta, silinda ta 1 da ta 2 suna hannun dama, ta 1 ce ta wajen gaban mota. Ta 3 da ta 4 suna hagu, ta 3 ce ta wajen gaba.

Na uku, a buɗe hular distiributa, a juya injin da hannu har rota ta nuna 'yar tsagar da ke bakin distiributa, alamar ƙololuwa da ke jikin fulin karanshaf kuma ta daidaita da layin da ya raba gangar injin biyu. A nan fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa a ƙarshen matsa, bawul ɗinsa biyu duka a rufe suke. Fistin yana kai ƙololuwa sau biyu a zagaye ɗaya na aikin injin, saboda haka alamar fuli ita kaɗai ba ta isa shaida ba, sai an haɗa da rota.

Na huɗu, a banƙare wayar ƙarfen da ke riƙe da murfin bawul, a cire murfin, a goge baƙin man da ya zubo. A girgiza roka biyu na silinda ta ɗaya, ya kamata a ji suna ɗan motsi.

Na biyar, a zura ruwan ma'auni mai 0.15 tsakanin sukuru da kan karan bawul. Idan ya shige yana ɗan jan hannu, ratar ta yi daidai, a bar ta. Idan ya ƙi shiga, ko ya shige sakaka, a sassauta noti, a juya sukuru har a sami wannan ɗan ja, a riƙe sukurun da sukudireba kada ya motsa, a ɗaure noti. Daga nan a sake aunawa, domin ɗaurin noti yakan ja sukuru ya sauya awo.

Na shida, a wuce sauran silindoji. Jerin tashin wuta a wannan injin 1-4-3-2 ne. Saboda haka idan aka mayar da fuli baya rabin zagaye, saɓanin tafiyar hannun agogo, sai a faɗa kan ta 2, wani rabin kan ta 3, wani kuma kan ta 4. A lura da bawul na fita na silinda ta 3, musamman a tsofaffin injina, domin iskar da ke isa gare ta takan fara bi ta na'urar sanyaya baƙin mai, ta iso da ɗumi.

Na bakwai, a sa sabon gasket, a mayar da murfi da hular distiributa, a tayar da injin, a duba ko mai na yoyo. Yana da kyau a rubuta awon da aka tarar kafin gyara. Bawul ɗin da kullum ake tarar da ratarsa ta ragu yana sanar da cewa lokacin kai wa bakanike ya yi.

4.0 Nazarin Kalmomin

4.1 Sunayen Aro

Sunayen sassan injin kusan duk daga Ingilishi aka aro su, kuma sun bi ƙa'idojin da aka sani. Sautin /v/, da babu shi a Hausa, ya koma /b/ a bawul da sukudireba. Sautin /p/ ya koma /f/ a fistin da fuli da fulogi. Cunkoson baƙaƙe an raba shi da wasali a sifana, sifirin da karanshaf. Waɗannan sunaye ba su da wata ma'ana ta daban a Hausa da za ta ja hankalin mai karatu wani wuri. Wanda bai san roka ba ya san bai sani ba, zai tambaya. Ƙirƙiro musu sababbin sunaye zai raba mai karatu ne da mai sayar da kayan gyara, wanda da sunan aron ya san su. Ƙirƙira ta fi amfani a inda ake son siffanta abu, kamar tozon kamshaf, sandar turi, mazaunin bawul, da ma'aunin rata.

4.2 Rata, Giɓi, Tazara da Kafa

Kalmomi huɗu ne ke takarar sunan wannan sarari. Giɓi yana nuna wurin da wani abu ya fita, kamar na haƙori ko na katanga, kuma abin da ake yi wa giɓi shi ne cikewa. Mai karanta "giɓin bawul" zai ɗauka aibi ne, ya nemi toshe shi, alhali toshewar ce ke ƙona bawul. Kafa tana nuna mashiga ko mafita, za ta sa a zaci ramin da iska ke bi ake nufi. Tazara ta fi zama da nisa mai ɗan yawa, na wuri ko na lokaci. Rata ita ce sararin da ake bari tsakanin abubuwa biyu da saninsa, ana ba da ita, ana ƙara ta, ana rage ta. Waɗannan aikatau uku su ne ainihin abin da mai gyara yake yi, shi ya sa rata ta fi sauran cancanta.

4.3 Ɗaure da Matse

A Ingilishin kanikanci, siffa ɗaya ake amfani da ita ga noti da aka ƙulle da kyau da kuma bawul da ratarsa ta yi kaɗan. Mai fassara da ya bi ta kalma da kalma zai rubuta "ɗaurarren bawul", wanda a kunnen Bahaushe yabo ne, domin abin da aka ɗaure shi ne ya tsira daga kwancewa. Hausa tana da hanyar raba su. Noti ake ɗaurewa, a sassauta, ko a kwance. Rata kuwa matsewa take yi ko ta buɗe, kuma matsi a Hausa bai rabu da ma'anar ƙunci ba, kamar yadda ake cewa takalmi ya matse ƙafa. Jimlar "a ɗaure noti, kada a matse rata" ta ɗauke dukkan darasin a taƙaice.

4.4 Huce da Kwana

Umarnin cewa injin ya kasance da sanyi yakan zo a bakin mutane da "bari ya huce". Hucewa raguwar zafi ce kawai. Shayin da ya huce yana iya kasancewa da ɗumi. Injin da aka kashe rabin sa'a da ta wuce ya huce a wannan ma'ana, amma ƙarafansa ba su koma girmansu na asali ba, awon da aka yi a kansa ƙarya ne. "Injin da ya kwana" ya fi tsare ma'ana, domin ya ɗaure sharaɗin da lokaci, bai bar shi ga jin tafin hannu ba.

4.5 Gaba, Baya da Jan Hannu

Gaba da baya a Hausa sukan dogara da inda mai magana ya fuskanta. A motar da injinta ke baya, abin da ke gaban mai gyara shi ne bayan mota. Wajibi ne rubutu ya ambaci madogararsa, ya ce "wajen gaban mota". Haka nan, ɗan jan da ake ji a ma'auni abu ne na hannu, ba na ido ba, kuma a nan kalmomin amsa-kama suna da rawar takawa: sakaka ga ratar da ta yi yawa, tsam ko gam ga wadda ta matse.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana dalilin barin rata a bawul, ta jero matakan daidaita ta a injin Beetle, ta kuma auna kalmomin da bayanin ya dogara da su. An ga cewa sunayen aro sun zauna lafiya, kuma wurin da ke bukatar idon masanin harshe shi ne zaɓi tsakanin kalmomin gida makusanta. Awon milimita 0.15 na wannan injin ne kaɗai. Kowace mota da nata, wasu ma da ɗumi ake auna su, wasu kuma matsin baƙin mai ne ke daidaita musu ratar ba tare da sa hannu ba, saboda haka littafin maƙera shi ne alƙali. Ana ba da shawarar sassan Hausa na jami'o'i su haɗa hannu da tsangayoyin injiniya da ƙungiyoyin kanikawa wajen tattara waɗannan kalmomi, a kuma jarraba kowane rubutaccen umarni ta hanyar miƙa shi ga wanda bai taɓa aikin ba, a ga ko zai kai ga awon da ake nema.