Yadda Ake Ƙirƙirar Ƙasar Masu Ibada a Wasan Labari na Tebur

Wasan labari na tebur wasa ne da mutum huɗu ko biyar ke zama, ɗaya ya zama jagora yana faɗin inda ake da abin da ke faruwa, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana faɗin abin da zai yi. Idan abin na da haɗari, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ga Bahaushe, tatsuniya ce da masu sauraro ke da hannu a cikinta: Gizo na iya ƙin shiga ramin, labarin ya sake hanya. Ba a sa kuɗi, babu mai ci babu wanda aka cinye, don haka ba caca ba ce.

Aikin da ya fi ba sabon jagora wahala shi ne gina ƙasar da za a yi yawo a cikinta, musamman ƙasar da ibada ce ke tafiyar da mulkinta. Yawanci sai ya cika shafi biyar da sunayen abubuwan bauta da tarihin shekara dubu, ranar wasa kuwa 'yan wasa su shiga birnin su rasa abin yi. Dalili shi ne ɗan wasa ba ya cin karo da aƙida, da mai gadin ƙofa yake cin karo. Abin da yake buƙatar sani shi ne wa ke riƙe da makullin rumbu, wa ke naɗa sarki, me aka hana, kuma wa ke cin moriyar hanin.

Iyaka kafin komai

Addinin da mutane ke bi a yau ba kayan wasa ba ne. Kada a ɗauko sunan Allah, ko na annabi, ko aya, ko siffar sallah ko ta coci, a ɗan sauya harafi a ce an ƙirƙiro. A Damari da kewayenta, inda 'yan wasan maƙwabtan juna ne kuma iyayensu na jin abin da ake faɗi daga zaure, kuskure ɗaya irin wannan ya isa ya watsa zaman, ya bar gaba a baya. Ko a Amurka an sha wannan: a shekarun 1980 iyaye da malaman coci suka zargi wasan da koyar da tsafi, har kamfanin TSR ya cire kalmomin shaiɗan da aljani daga bugu na biyu a 1989. Jagora ya faɗa tun daren farko cewa mutanen ƙasar nan ƙagaggu ne, kamar mutanen cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, kuma duk wanda wani abu ya sosa masa rai yana da damar cewa a tsallake.

Abin da ake arowa daga tarihi

Tsarin iko ake ara, ba ibadar ba. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe a kan dutsen Dala: shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, ya fito ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Darasin jagora a nan shi ne mutum guda ya riƙe labarin gobe, babu mai iya binciken maganarsa. A Katsina kuwa, Korau ya karɓe sarauta daga Durɓawa bayan ya kashe Sanau, amma sarautar Durɓi ba ta mutu ba, ta zauna cikin masu zaɓen sarki. Wato tsohon gida ya rasa gadon mulki ya riƙe ƙofar shigarsa.

Marubutan waje ma haka suke yi. A duniyar Eberron ta Keith Baker, wadda ta fito a 2004, ƙasar Thrane na ƙarƙashin masu bautar wata wuta. Shugabar ibadar yarinya ce 'yar shekara 11, majalisar manyan limamai ce ke juya al'amura, gidan sarauta kuma na gefe yana jiran dama. Hannu uku a kan akushi ɗaya, kuma daga nan labarai ke fitowa.

Misali: ƙasar Madatsa

A ce jagora ya ƙago ƙasa mai suna Madatsa. Da yake shi da 'yan wasansa sun tashi a yankin masara na Sabuwa da Faskari, ya fi masa sauƙi ya gina ibadar a kan abin da kowa ya san zafinsa, wato ruwan shuka. Mutanen Madatsa sun yi imani ruwan farko na damina rance ne daga sama, kuma da hatsi ake biya. Wata tsohuwa mai sarautar Uwar Ƙwarya ce ke tarar ruwan farko a ƙwaryar gado, yawan abin da ya taru shi ne yawan damin da kowane gida zai kai babban rumbu. Sarki na da dawakai da dakaru, amma ba ya buɗe rumbun sai ta ce an biya.

Daga wannan imani guda sauran abubuwa ke tsirowa da kansu. Ba a wanka da ruwan farko. Baƙon da ya iso da hadari a bayansa ana karrama shi, wanda ya zo da fari ana tsare shi a ƙofar gari. Fatake ba sa auna hatsi da ƙwarya, sai da kwando. Rantsuwar 'yan ƙasar ma ta samu: "In na yi ƙarya ƙwaryata ta tsage."

Saura ɓaraka, domin ƙasar da kowa ya yarda da kowa ba ta da wasa. A ce ƙwaryar gado ta tsage shekara uku da suka wuce, wata baiwa ta ɗinke ta a ɓoye, tun daga lokacin awo ke fitowa ba daidai ba. Talakawa na biyan abin da ya fi ƙarfinsu. Sarki ya ji ƙishin-ƙishin yana so ya tona don ya karɓe rumbu. Almajiran tsohuwar sun rabu biyu, wasu na cewa a faɗi gaskiya, wasu na cewa ranar da jama'a suka daina tsoron ƙwarya ranar za a daina tara abincin da ke ceton su a shekarar yunwa. Dukkansu na da hujja. Jagoran da ya mai da masu ibadar duka maƙaryata, ko duka waliyyai, ya rage wa 'yan wasa zaɓi, kuma gaskiya irin wannan labari ya yi araha.

Manhajojin da ke rage aiki

Don taswira, Fantasy Map Generator na Azgaar kyauta ne, a burauza yake aiki ba sai an sauke komai ba. Yana zana ƙasa da koguna da birane, yana da sashen al'adu da na addinai inda ake ganin iyakar kowanne da launi. Sunayen da yake bayarwa kuwa, sai a goge a sa Madatsa da garuruwanta. Ya fi daɗi a kwamfuta, a ƙaramar waya yana nauyi. Da an gama a fitar da hoton a ajiye a waya.

Don rubutu, Obsidian ya fi dacewa da wannan yanki. Yana ajiye bayanai a kan wayar kanta, yana aiki babu data, kuma idan aka sa suna cikin baka biyu, kamar [[Uwar Ƙwarya]], sai ya zama mahaɗi zuwa shafinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara, saboda matsalar tsaro. Roll20 da D&D Beyond na da kyau, amma suna son intanet mai ƙarfi. Idan wani ɗan wasa ya koma makaranta a Funtuwa ko Zariya, kiran murya na rukuni a WhatsApp ya wadatar.

Ɗan lido mai fuska 20 da Dungeons & Dragons ke amfani da shi da wuya a same shi a kasuwar ƙauye. Biyu na lidon gida sun isa, bisa tsarin da wasan Apocalypse World na 2010 ya yaɗa: a jefa a haɗa, 10 zuwa sama nasara ce, 7 zuwa 9 nasara ce mai tsada, 6 zuwa ƙasa matsala. Cikin hanyoyi 36 da za su iya faɗuwa, 6 kawai ke ba da cikakkiyar nasara, 15 na faɗawa tsakiya. Jarumin da ya lallaɓa ɗakin ƙwarya ya jefa 8 zai ga ɗinkin da idonsa, amma baiwar da ta yi shi tana tsaye a bakin ƙofa, ta kuma gane fuskarsa.