Kyamara mai ido biyu

Ɗaga yatsanka a gaban hancinka. Rufe idon dama, ka dube shi. Yanzu buɗe na dama, ka rufe na hagu. Ka ga yatsan ya yi tsalle? Ai bai motsa ba. Kowane ido daga gefensa yake hango shi, domin akwai tazarar kamar santimita 6 da rabi tsakaninsu. Ƙwaƙwalwa ce take haɗa abin da suka gani. Da haka kake gane abin da ke kusa da wanda ke nesa.

Wani masani ɗan Ingila, Charles Wheatstone, shi ya bayyana wannan a shekarar 1838. Ba a daɗe ba sana'ar ɗaukar hoto ta fito, sai maƙera suka ce: "To, mu yi wa kyamara ido biyu mana!"

Kyamarar farko akwatin katako ce mai nauyi, ana ɗora ta bisa ƙafafu uku. A kan gilashi take ɗaukar hoto, fim sai daga baya ya zo. Da an buɗe idanunta, sai ta ɗauki hotuna biyu tare. In ka gan su za ka rantse iri ɗaya ne, amma akwai ɗan bambanci. Ana manna su gefe da gefe a kan kati, a sa katin cikin wani abin leƙawa mai tabarau biyu, wanda ake kira stéréoscope da Faransanci. Kana leƙawa, sai hotunan su zama ɗaya, ka ga itace ya taso gaba, gida ya ja baya, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A 1893, Jules Richard na birnin Paris ya ƙera wata ƙarama ta ƙarfe, Vérascope, wadda matafiyi zai riƙe a hannu.

Kyamara mai ido biyu ta zo har Sudan. A 1905, kamfanin Underwood & Underwood na Amurka ya fitar da katuna 100 na tafiya a kogin Nilu, daga Masar har Hartum da Omdurman. Ɗaya daga cikinsu yana nuna ƙubbar Mahadi a rushe, bayan sojojin Ingila sun harbe ta da igwa a 1898. An yi katunan ne don a sayar a Amurka da Turai. Yaran can da suka leƙa, kango suka gani. An sake gina ƙubbar a 1947, amma a cikin katin nan har yau a rushe take.

Aiki: Ɗora fensir a tsaye gaban littafinka. Zana abin da idon hagu ya gani, sannan abin da na dama ya gani. Ina bambancin yake?