Darasi Na 12: Haƙori Ya Nuna Dangi

In mun je kasuwa sayen sa, mukan buɗe bakinsa mu duba haƙori. Haƙori zai faɗa mana shekarunsa, ko da dillali ya ɓoye. Haka masana ke yi da dabbobin da suka ƙare tun da daɗewa. Nama ya ruɓe, gashi ya lalace, amma haƙori ya fi ƙashi ƙarfi. Yakan saura cikin dutse.

A zamanin da, tun babu mutum, akwai waɗansu dabbobi masu yin ƙwai, ana ce da su dainoso. Waɗansunsu sun fi giwa girma. An tono ƙasusuwansu har a ƙasar Agadas, cikin Nijar. A zamaninsu akwai kuma 'yan dabbobi masu gashi, yawancinsu kamar jaɓa. Daga cikin waɗannan ne dabbobi masu ba da nono suka fito, irin su akuya da jemage da giwa.

Yaya aka gane su? Da alamu 3.

Ta farko, haƙori. Haƙoran kada kusan duk iri ɗaya ne, yana ta sake su har ya tsufa. Kare kuwa yana da na gaba, da fiƙa, da turame, kuma sau ɗaya yake famfara.

Ta biyu, muƙamuƙi. Na ƙasan bakin ƙadangare ƙashi da yawa ne a haɗe. Na mai ba da nono ƙashi ɗaya ne a kowane gefe.

Ta uku, kunne. Ƙadangare yana da ɗan ƙashi 1 cikin kunne, kare yana da 3. Biyun nan na ƙari, a wurin kakanni cikin muƙamuƙi suke.

A 1949 aka raɗa wa wata 'yar dabba suna Moganukodon. An sami haƙorinta a ƙasar Wales, cikin Birtaniya. Ta yi zamani shekara wajen miliyan 200 da suka wuce. Sau ɗaya take famfara, amma ƙasusuwan nan biyu suna nan manne da muƙamuƙinta. Ashe tana tsakani ne, a gindin dangi.

Daga baya dangi ya yi rassa. Akwai masu yin ƙwai kuma su ba da nono, har yau suna nan a Ostareliya. Akwai masu goyo cikin aljihun ciki, kamar kangaru. Akwai masu haihuwa da mabiyiya, kamar saniya.

Akwai kuma wani reshe, masu turame da ƙulu-ƙulu jere kamar zangarniyar masara. Haƙoransu na gaba dogaye ne. Wanda ya gan su sai ya ce ɓeraye ne. Amma turamensu sun nuna ba ɓeraye ba ne. Kama da wane ba ta wane.

Shekara miliyan 66 da suka wuce, wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a ƙasar Meksiko. Dainoso suka ƙare, sai tsuntsaye, waɗanda jikokinsu ne. Rassan nan huɗu suka tsira. Masu ƙulu-ƙulu sun ƙara shekara wajen miliyan 30, sa'an nan suka ƙare, ba su bar jika ba.

To, kada mu yanke hukunci da kama. Mu buɗe baki mu duba.

Tambayoyi
1. Me ya sa haƙori ke saura cikin dutse?
2. Ƙashi nawa ke cikin kunnen kare?
3. Wane reshe ne ya ƙare?