Kalma Da Aikinta Ake Gane Ta

Ɗana, na san ka haddace azuzuwan kalmomin Turanci guda takwas, su suna da wakilin suna da aikatau da sifa da bayanau da sauransu. Madalla. Sai dai hadda kaɗai ba za ta fisshe ka ba, domin kalmar Turanci ba ta da mazauni ɗaya. Kamar mutum take: da safe a gona manomi ne, da azahar a masallaci ladan, in ya koma gida kuma maigida.

Ɗauki kalmar "fast". In an ce "a fast car", mota take siffantawa, sifa ce ke nan. A "he runs fast" kuwa, tana gaya maka yadda ake gudun, ta zama bayanau. In watan azumi ya kama aka ce "Muslims fast in Ramadan", aikatau ce. Da magariba a ce "they break the fast", ga ta nan ta koma suna. Haruffa huɗun nan ba su canza ba, aikin ne ya canza. Saboda haka in an ba ka kalma, karanta jimlar tukuna, ka dubi maƙwabtanta. Shin "the" ce a gabanta ita kaɗai? To, alamar suna ce. Shin "will" za ta zauna a gabanta lafiya? To, alamar aikatau ce.

Ka yi hattara da wutsiyar "-ly". Yara da yawa da sun gan ta sai su ce bayanau ce, alhali "friendly" da "lovely" sifofi ne. Wannan tarkon ya ci ɗalibai masu ƙwazo, abin yana damuna ƙwarai.

Kada ka ɗauka wahalar banza ce. A jarrabawar WAEC akan ciro kalma daga labari a ce ka kawo wata da za ta maye gurbinta. In aikatau ce ka kawo suna, ko da ma'anar ta yi kusa, makin ya tafi.

Ka riƙa buɗe ƙamus irin na Oxford, za ka ga an rubuta ajin kowace kalma a gefenta, wata har aji uku. Kullum bayan sallar isha'i ka zaɓi kalma ɗaya, ko "water" ko "book", ka gina mata jimloli biyu masu aiki daban, ka kai wa malaminka ya duba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'a.