Amsoshin Tambayoyinku: Juyin Ƙaramin Jirgin Rimot

Wani mai sauraronmu daga Maiha yana tambaya: me ke sa ƙaramin jirginsa mai saukar ungulu, na rimot, yin juyi kamar katantanwa da zarar ya tashi?

To malam, duba farfelar wutsiya. Babbar farfela na juyawa gefe guda, gangar jirgin na neman juyawa ɗaya gefen, farfelar wutsiya ce ke tare ta. Ƙurar hunturu ko zaren da ya naɗe sandarta kan rage mata gudu. Wasu za su ce batir ne, amma batir mai rauni galibi tashi yake hana jirgi. Cire batir tukuna, ka share farfelar wutsiyar da busasshen buroshi. In siririyar wayarta ce ta tsinke, masu gyaran waya a Mubi za su liƙe maka da dalma.