Yawaitar Inzayim da Bijire wa Magani: Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Akan ji majiyyaci ya ce magani ya daina yi masa aiki, alhali sau da yawa maganin yana nan yadda yake, abin da ake yaƙa da shi ne ya sauya. Wannan muƙala ta dubi hanya ɗaya da hakan ke faruwa, kamar yadda aka gano ta a ƙwayoyin halittar dabbobi masu shayarwa da ake raino a ɗakin gwaji.

2.0 Yadda Bijirewar Ke Aukuwa

Methotrexate magani ne na cutar daji. Aikinsa shi ne ɗaure wani inzayim mai suna DHFR, wato sinadarin da ƙwayar halitta ke buƙata wajen ƙera DNA kafin ta rabu biyu. Idan aka zuba shi da yawa lokaci guda, kusan duk ƙwayoyin sukan mutu. Idan kuwa aka fara da kaɗan, ana ƙarawa daki-daki, 'yan tsirarun da suka tsira sai su hayayyafa, har su jure wa adadin da a da zai hallaka su.

A 1978, Robert Schimke da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana dalili: ƙwayoyin ɓera da suka bijire sun tara kwafe-kwafen ƙwayar gadon DHFR, saboda haka suna ƙera inzayim ɗin fiye da ninki 100. Birni mai ƙofa ɗaya, tare ta ya isa a karya shi. Mai ƙofofi da yawa kamar Kano kuwa, sai dakarun su kasa. Haka magani ke ƙarewa wajen ɗaure wani kaso, ragowar na ci gaba da aiki.

Idan kwafe-kwafen suka zauna cikin kuromosom, bijirewar takan ɗore. Idan kuwa suna wajensa a matsayin gutsattsari, sukan ɓace sannu a hankali bayan an janye maganin.

3.0 Dangantakarsa da Birnin Kano

Fansidar, wanda ake bai wa masu juna biyu a wuraren awo irin su Asibitin Murtala Muhammad da ke kusa da Ƙofar Mata, yana ɗauke da sinadarin da ke ɗaure DHFR na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Sai dai ita wannan ƙwaya galibi siffar inzayim ɗin take sauyawa. A ƙasar Tailan kuwa, ta hanyar yawaita kwafin ƙwayar gado ta bijire wa maganin mefloquine. Raunin da Kulorokwin da Fansidar suka yi ne ya sa Nijeriya ta koma ga haɗin magungunan ACT a 2005.

4.0 Kammalawa

Magani kaɗan-kaɗan yana kashe raunanan ƙwayoyi ne, ya bar wa masu juriya fili. Mai sayen rabin magani, ko mai dakatar da sha da zarar ya ji sauƙi, yana iya maimaita wannan gwaji a jikinsa ba tare da ya sani ba.